Kafaɗar Mama Felicity

Duk wanda ya taɓa neman hoton fasfo cikin gaggawa a Bwari ya san shagon Rosemary. Yana nan bakin hanyar kasuwa, tsakanin mai gyaran fanka da mai gasa doya. Gajeruwar mace ce mai jiki, idan ta yi dariya har da buga cinya, kuma ba mai kiranta da sunanta, kowa Maman Sandra yake cewa. A tashar Jabi ta koyi sana'ar tun tana budurwa, wurin wani oga mai ɗaukar direbobi hoto. Da ta tashi barin can, ogan ya sallame ta da wani faifai mai ɗauke da manhajar gyaran hoto. To, wannan manhaja ita ta riƙe shagon shekara da shekaru. Da ita take share wa amare ƙuraje, ta sa wa mai singileti kwat da nektaye, ta ɗauko manomi daga bakin rumbunsa ta tsayar da shi gaban jirgin sama yana murmushi. Tsohuwa take kiranta, har hira take yi da ita idan shagon ba kowa.

Wata safiya a tsakiyar damina sai ga Baba Yamusa, wani dattijo manomin doya daga ƙauyen bayan gari, ya jingine kekensa ya shigo yana waige-waige kamar wanda ya sato akuya. Ya ce za su yi godiya a coci, shi da matarsa Mama Felicity sun cika shekara hamsin da aure, kuma ranar bikinsu ko mai hoto ɗaya bai taka ƙauyen ba. Ya zaro hotuna biyu. Ɗaya nasa ne yana saurayi. Ɗayan nata ne, tana budurwa cikin mawaƙan coci, kuma shi ke nan gare ta a duniya. Daga ƙasan akwatinta ya zare shi ba ta sani ba.

"'Yata, ki haɗa mu wuri ɗaya, kamar ranar aure. In ba shi mamaki a gaban jama'a," in ji shi, da irin Hausarsa mai ce wa mace "shi".

"Baba, soyayya ke nan da furfura!" in ji Rosemary tana buga cinya. "An gama."

Nan take ta ɗora hotunan a sikana, suka shige cikin Tsohuwa kai tsaye, ta adana aikin, ta miƙa masa takardunsa ya sa a aljihun gaba. Bai kai rabin hanya ba sama ta ɓalle da ruwa. Kafin ya isa gida budurwar da ke aljihunsa ta narke ta koma kunu. A wannan ruwan dai wutar lantarki ta ɗauke, ta dawo da ƙarfinta, tsohuwar kwamfutar Rosemary ta yi tartsatsi ta ce ga garinku nan. Wani mai gyara ya ceto mata fayilolin da ke ciki, amma fayil ɗin Baba ya ƙi buɗuwa a ko'ina. Tsohuwa ce ta kulle shi da irin nata kullin, ita kaɗai ke iya kwancewa.

Da Baba ya dawo ya ba da labarin aljihu, idonsa ya yi ja. Rosemary ta ce masa kada ya damu, amma wallahi ita ma ta damu. Fuskar ƙuruciyar matar nan babu ita a ko'ina sai cikin wannan fayil.

'Yarta Sandra, wadda ke aikin jinya a cikin gari, ta aiko mata da sabuwar laftof, siririya, tana sheƙi. Rosemary ta ɗauko faifanta, ta juya laftof hagu, ta juya dama, ta leƙa ƙasa.

"Kai! Ina ƙofar? Wane irin gida ne wannan ba ƙofa?"

Ashe sababbin ba a yi musu wurin sa faifai. Sai ta kira Nazeefa, maƙwabciyarta, ma'aikaciyar sashen kwamfuta a wata ma'aikatar tarayya, wadda ita Rosemary ta ɗauki hotunan bikinta. Ranar Asabar Nazeefa ta zo da wata 'yar na'urar karanta faifai da ake jonawa ta gefe. Aka sa faifai, ya yi gurnani, ya tsaya.

"Maman Sandra, wannan faifan ai ya fi ƙasan tukunya karce."

"Ki bar ni da shi, ƙanwata."

Ta aika aka sayo man goge baki, ta shafa masa, ta goge da gefen zaninta, ta hura masa iska. Nazeefa ta yi dariya har da riƙe ciki, amma da aka mayar sai ga shi yana juyi lafiya lau. Daga nan laftof ta fito da nata iyayin, ta rubuto da Turanci cewa ba ta san wannan manhaja ba.

"Ba ki san ta ba? Yaushe aka haife ki? Mara kunya!"

Nazeefa ta shiga wani lungu a cikin na'urar, ta umarci laftof ta yi kamar ita kwamfutar da ce. Tsohuwa ta leƙo, ta nemi lambar shaidarta. Takardar lambar ta ɓace tun zamanin Jabi, amma Rosemary ta rufe ido ta rero ta da muryar waƙar coci, don haka ta haddace ta. Lamba ta shiga. Suka tafa. Ba su gama murna ba allo ya yi fari fat, komai ya ɗauke. Suka sake, ya sake. Mai fanka ya leƙo ya ce zafi ne, mai doya ta ce a kai wa fasto.

"Saura dabara ɗaya," in ji Nazeefa tana gyara mayafi. "Tunda ta ƙi zama a sabon gida, mu gina mata ɗakinta na da a cikinsa. Wata tsohuwar kwamfuta zan ƙirƙira a cikin wannan, da duk tarkacen da ta saba."

Aikin ya ci yini guda, ya ci doya da manja faranti biyu. Wajen la'asar, bayan Nazeefa ta idar da salla a bayan labulen ɗaukar hoto, suka danna. Tsohuwa ta buɗe, sai dai rubutunta ya ƙanƙance kamar tururuwa, aka ƙara masa girma. Rosemary ta jawo fayil ɗin Baba. Ga budurwa nan ta fito, da ɗankwalinta, tana kallonsu. Rosemary ta yi guɗa da ta sa 'yan acaɓa suka taka birki.

Sati guda ta yi tana ƙawata aikin. Ta sa wa Baba kwat, ta ɗinka wa amarya farar riga, ta ba ta furanni. Ta lura kafaɗar yarinyar ɗaya ta ɗan sauka ƙasa, ta ce oho, mai hoton da ne ya karkace, ta ɗaga ta ta daidaita tsaf.

Ana gobe godiya Baba Yamusa ya zo gani. Ya matso da fuskarsa har hancinsa na taɓa allo.

"Yana da kyau, 'yata. Amma wannan ba matata ba ne."

"Haba Baba! Ga idonta, ga hancinta!"

"Ina kafaɗar?" Ya dafa tasa. "Matanmu na Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka, ke ma kina gani kullum. A kafaɗa suke ɗauka. Tun yana ƙarami yake ɗaukar ruwa da itace, shi ya sa ta sauka. Ranar da na fara ganinshi daga rafi yake, da ƙwarya a nan. Ko cikin mata ɗari, ta baya, da wannan nake gane shi."

Kunya ta rufe Rosemary. Ita da ke wuce matan nan kowace safiya a hanyar kasuwa, ta ɗauki shekarun ɗaukar kaya ta mayar da su kuskuren mai hoto! Allah ya taimake ta, halin Tsohuwa ne ba ta zubar da asali, duk gyaran da aka yi a kai take ɗora shi. Rosemary ta ɗage nata gyaran, kafaɗa ta koma inda take.

"Yauwa," in ji Baba a hankali. "Ga shi nan. Farar rigar kuwa ki bar ta, ya daɗe yana so."

Ranar Lahadi Rosemary na tsaye a gefe da kyamararta lokacin da Baba ya yaye zanin da ya rufe firam ɗin. Coci ta ɗauki sowa. Mama Felicity ta ƙura wa hoton ido, ba ta ko motsa ba. Baba ya sunkuya zai fara ba ta haƙuri kan hoton asalin da ruwa ya ci, ta ɗaga masa hannu.

"Na sani, tsohon ɓarawo. Wa yake wanke maka riga? Bayan rumbu na je na sha kukana, na ce yarinyar nan ta tafi ke nan." Ta shafa gilashin da yatsa. "Ashe kina nan. Har kin samu farar riga."

Rosemary ta so ta ɗauki hoton wannan lokacin, hawaye ya hana ta ganin komai, ta danna a haka. Da aka tashi jikoki suka yi caa, kowa na so ya riƙe wa Kaka firam. Ta kore su duka. Ta ɗaga shi da kanta, ta ɗora a kafaɗa, ta kama hanyar gida, Baba na biye da ita yana tura keke.