Kafaɗa ta Huɗu

Ni ba mutumin ruwa ba ne. A Sabon Gari na Minna aka haife ni, kakana leburan reluwe ne da ya zo daga Katsina, kuma kafin wannan tafiyar ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne na Shiroro, shi ma daga kan tudu. Abokina Alhaji, Banufe mai shagon yadi, shi ya ja ni. 'Yarsa likita ce a ƙasar waje. Bayan rasuwar mahaifiyarta ta ga uban ya zama shiru-shiru, sai ta shirya masa yawon mako guda a babban jirgin ruwa, daga wannan tsibiri zuwa wancan. Ya ce shi ba ya zuwa ko'ina shi kaɗai. Da haka aka haɗa da ni da na ukunmu, tsohon ma'aikacin banki daga Tudun Fulani, mutumin da ko wurin ɗaurin aure idonsa na kan agogo.

Shekara talatin muna zaman benci ɗaya da Banufen nan a ƙofar shagonsa. Wasan Katsinawa da Nufawa babu irin wanda ba mu yi ba. A cikin jirgin ma, da amai ya kayar da ni a rana ta farko, sai da ya zo har bakin gadona ya yi mini dariya, sannan ya kawo mini shayi.

A rana ta huɗu jirgin ya tsaya nesa da wani tsibiri, ƙananan kwale-kwale masu inji suka riƙa kai mutane gaɓa. An ja mana kunne sau uku: kwale-kwalen ƙarshe ƙarfe biyar daidai yake tashi, wanda ya makara ya san inda zai kwana. Fasfo ɗinmu yana hannun ma'aikatan jirgi. Allurar ciwon sukarina kuwa tana cikin ɗan firjin ɗakinmu, domin na ji tsoron zafi ya lalata ta.

Da farko mun ji daɗi. Mun sha ruwan kwakwa, mun ci gasasshen kifin da ban san sunansa ba, Banufe ya yi cinikin kanumfari da yatsu har mai sayarwa ta gaji ta sallama. Wajen ƙarfe uku mutumin banki ya ce shi ya koma bakin gaɓa ya zauna, ya fi son ya ga kwale-kwalen da idonsa. Muka yi masa tsiya, muka bar shi ya tafi. Ba a jima ba muka ji kiran sallar la'asar daga bayan kasuwa, muka bi muryar har wani ƙauye.

Masallacin ƙarami ne, sahu ɗaya ma bai cika ba. Ana sallamewa sai aka fito da makara lulluɓe da koren yadi. Muka tsaya aka yi wa mamacin salla, ban san sunansa ba, ban san ko namiji ne ko mace ba. Da aka zo ɗauka, wasu magidanta biyu suka kama gaba, suka waiwayo suna duban jama'a. Abokina ya kama baya ta hagu. Ni kuma na sa kafaɗa ta dama ba tare da na yi wani tunani ba.

A Minna ɗaukar makara ba aiki ba ne. Taku goma za ka yi wani ya taɓa kafaɗarka ya karɓe ka, har rububi ake yi, wani lokacin ka bi gawa har maƙabarta hannunka bai samu wuri ba. Abin da na sani ke nan tun ina saurayi, shi na ɗauka zan tarar. Na yi taku goma, na yi ɗari, ba wanda ya taɓa ni. Da na waiwaya sai na ga masu rakiyar duka su shida ne, da liman, kowannensu ya haifi irina, uku suna dogara sanda. Daga baya na ji cewa mazan ƙauyen suna teku wajen kamun kifi, ba sa dawowa sai bayan kwanaki.

Hanyar ta fara hawa tudu tsakanin ayaba da kwakwa. Iskar wurin jiƙe take, rigata ta manne a bayana, katakon yana cin ƙashin kafaɗata. Da muka kai wani fili na hango jirginmu can ƙasa, ya zama ɗan mitsitsi. A lokacin ya busa ƙaho, na duba agogo.

Na ce, "Alhaji, huɗu da minti ashirin fa."

Ya ce, "Na ji."

"Allurata tana cikin jirgi."

"Na sani, Malam. Jirgi ba zai gudu ba. Mu kai bawan Allah gidansa tukuna, ba nisa."

"Ka san wurin ne?"

Ya ci gaba da tafiya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, shi yana da 'yar da za ta turo masa tikitin jirgin sama duk inda ya maƙale, ni wa nake da shi? Na ga kaina kwance a ƙauyen da ba na jin yarensu, babu fasfo, babu allura. Tsoro ne zalla ya kama ni, ba zan yi masa kwalliya ba.

Na ce a tsaya. Na gaba ba su gane ba, suka ci gaba. Sai kawai na sunkuyar da kafaɗata na zame. Makarar ta karkata, na ji abin da ke ciki ya gusa. Wani tsoho ya yar da sandarsa ya shiga wurina da sauri, amma gajere ne, don haka nauyin bayan duka ya koma kan abokina. Na ga wuyansa ya sanƙare. Bai dube ni ba. Na yi sallama, liman ne kaɗai ya amsa, na juya na gangara da gudu-gudu.

Biyar saura kwata na iso gaɓa. Mutumin banki ya miƙe ya ce, "Ina Alhaji?" Na ce yana tafe. Ya dubi kafaɗar rigata, ya dubi fuskata, ya koma ya zauna. Wannan minti goma sha biyar ɗin ban taɓa jin kunyar kaina kamar a cikinsu ba. Na roƙi Allah ya kawo shi, kuma ina tsoron zuwan nasa.

Saura minti biyu sai ga babur. Ɗaya daga cikin magidantan nan ne ya goyo Alhaji. Gwiwoyin wandonsa da hannun rigarsa duk jar ƙasa, alamar har cikin kabarin ya shiga. Suka rungumi juna da mai babur ɗin kamar sun shekara da sani. Da mutumin banki ya ji daga jana'iza yake, ya tambaye shi ko maƙabartar da nisa. Ya ce a'a, bayan kwanar filin nan take, taku hamsin bai cika ba.

A cikin kwale-kwale ya zauna yana fuskantata. Na jira ya fara tsiyarsa ta kullum, ya ce Bakatsine ya ga ruwa ya ruɗe, da na samu sauƙi. Bai yi ba. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Malam, ba ka yi laifi ba, lafiyarka ce. Alfarma ɗaya nake nema. Idan na riga ka, ka tsaya a sahu ka yi mini salla, ya isa. Kada ka sa kafaɗa."

Ba da fushi ya faɗa ba, a hankali ya faɗa, yadda yake gaya wa mai saye cewa wannan yadin yana zuba. Na ce to.