Ɗigo Uku da Gidan Kekunan Alwyn

Shekara arba'in da ɗaya ina maƙwabtaka da Alwyn Pickersgill a unguwarmu ta Thornlea, bango ɗaya ya raba ɗakin girkina da nasa, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar da guduma ta sauka a kan babban yatsansa. Ko a ranar ma "kash" kawai ya ce. Matarsa Glenys, Allah ya ji ƙanta, takan ce min, "Beryl, da kujera na aura da na fi samun hira." Ni kuwa in ce mata kujera ba ta gyara famfo.

Alwyn dogo ne siriri, kunnuwa kamar hannun tukunya. Makanike ne a masaƙar ulu, shi ke lallashin injinan saƙa, har ranar da aka rufe masaƙar aka yanka ta aka mayar da ita gidajen haya don masu zuwa aiki Leeds. Shekara biyu bayan haka Glenys ta rasu. Na zuba ido in ga ko kwalbar giya zai kama kamar sauran mazan layinmu, sai ya kama keke.

A tsakiyar unguwa akwai tsohon gidan wanki, inda iyayenmu mata suke wanki kafin kowa ya sayi injinsa. Da mai gadin wurin zai yi ritaya ya rasa wanda zai ba makulli, don ƙaramar hukuma ta manta ma ginin nata ne, sai ya cusa wa Alwyn a aljihu. Shi kuma ya share wurin, ya riƙa bin bola yana kwaso gawar kekuna. Yaran unguwa suka fara leƙe, daga leƙe sai shiga. Shekara goma sha takwas, kullum daga tashi makaranta har lokacin cin abincin yamma, ƙofar nan a buɗe take.

Dokarsa biyu ce. Kowace sifana an zana siffarta da fenti a jikin allo, in ka ɗauka ka mayar da ita cikin zanenta. Ta biyu, keken da ka haɗa da hannunka naka ne, tura shi gida. Ba ya tambayar yaro sunan ubansa, ba ya tambayar wa ya kumbura masa ido. Ya miƙa masa taya mai huji da kofin shayi, shi ke nan. Yaran da malamai suka gaji da su, waɗanda iyayensu ma suka gaji da su, sai ka same su ashirin a ciki suna faɗa a kan famfon iska, suna kiransa Tsoho. Shanice ta gidan Brathwaite, wadda ta taɓa fasa min taga da dutse, yanzu ita ke gyaran motocin bas na gari. A can ta koya.

To, ana haka sai kuɗi suka zo. Gwamnati ta ware wa ƙaramar hukumarmu wani kaso don a farfaɗo da unguwannin da suka lalace, kuma a karon farko a rayuwarmu lalacewa ta yi mana rana, Thornlea ta zo ta ɗaya. Takardu masu sheƙi suka fara faɗowa ta ramin wasiƙa, da hoton mutane suna dariya, mutanen da ba mu taɓa gani a nan ba, don haƙoransu a cike suke. Kansilanmu Royston Clegg ya yi ta yawo gida gida. Royston da na sani tun yana fitsarin wando a motar makaranta, yanzu ya yi tumbi, yana ce mana muryar al'umma ce za ta yi hukunci.

A lokacin ne hukuma ta tuna tana da gidan wanki. Aka ce ɗayan biyu: ko a gyara shi, a sa rufi da wuta da na'urar ɗumama ɗaki, ya zama wurin matasa a hukumance, ko a rushe shi a yi lambun hutawa da benci da furanni. Aka ƙara da zaɓi na uku, filin ajiye motoci, don kada a ce ba a ba mu zaɓi ba. Yadda za a yanke kuwa irin yadda suka saba ne: a kafa alluna uku a zauren coci, kowa a ba shi 'yan takardu uku jajaye masu gam, zagayayyu kamar kwabo, ya liƙa inda yake so. Allon da ya fi ɗigo shi ya ci.

Aka sa ranar Talata, ƙarfe biyu na rana. Alwyn ya je ofis ya ce musu, cikin ladabi, a wannan lokacin yaran suna makaranta, iyayensu kuma suna wurin aiki. Aka gode masa ƙwarai da wannan shawara mai amfani. Aka ce ma'aikata ba sa aiki bayan biyar, kuma yaro ƙasa da shekara goma sha takwas ba a ba shi ɗigo sai da takardar yardar iyaye, takardar kuma ba a riga an buga ta ba. Ya ce ba komai, ya gode. Ya riƙe musu ƙofa ma da zai fita.

Wa ya rage a Thornlea ranar Talata da biyun rana? Mu. Tsofaffin matan bingo, wasan cacar lambobi da muke yi duk mako, mu ashirin da uku, ni ke riƙe da jakar lambobi shekara goma sha biyu, don haka in na yi tari suna ji.

Ranar Lahadi ya ƙwanƙwasa min ƙofa, hula a hannu. Tunda muke bai taɓa roƙona ko gishiri ba. Ya tsaya yana kallon takalminsa har na ce, "Tsohon banza, in aurena ka zo nema ka makara, na saba da barci a tsakiyar gado."

Ya ce, "Beryl, in ba damuwa. Matan nan naki. Ɗigo ne."

Na ce ya je ya kwanta da kunnuwansa biyu. Ɗigo sittin da tara, duka a kan gidan wanki, ko in daina shan shayi. Daren bingo na sa kowace ta ɗaga hannu ta yi alkawari. Har Mavis Ackroyd, wadda ba ta son yara tun nata suna ƙanana.

Ranar Talata muka shiga zaure a jere kamar agwagi. An shimfiɗa tebur da farin ƙyalle, ga shayi, ga kek iri uku, ba biskit ɗin nan mai arha da ake ba mu a taron coci ba. Mai kula da shirin wata yarinya ce, Imogen, ba ta fi ashirin da biyar ba, katin aiki rataye a wuya, wannan ne aikinta na farko. Ita da kanta ta zuba mana shayi. Ta san sunan kowace, ta san wadda ba ta shan sukari, ta tambayi Mavis ƙugunta. Ban ce makirci ba ne. Da makirci ne da na ji daɗi, don na iya da makirai. Yarinyar kirki ce kawai, abin da ya kashe mu ke nan.

Sai alluna. Hoton gidan wanki an ɗauke shi ana ruwa, da kwandunan shara a gabansa. Lambun kuwa zane ne na hannu, launi har launi, da wata tsohuwa a kan benci tana murmushi, rana tana haska ta. Rana, a Thornlea, inda kullum sai hadari da ruwa. Imogen ta je ta tsaya daidai gefen allon lambun, ta haɗa hannu a ƙirji, ta ce mu yi mata afuwa, ba ta iya zane sosai ba, wata huɗu ta yi tana fama da shi, ta zaɓi furannin ne irin waɗanda kakarta take so kafin ta rasu. 

Muka ja layi, don mu ko wuta ake rabawa sai mun ja layi. Ni ce a gaba. Kuma kafin ka kai allon gidan wanki sai ka wuce ta gaban yarinyar nan. Na taka, na zo daidai ita, ta dube ni da idanun nan ta ce, "Misis Hebden, kek ɗin ya yi miki?"

Ina da ɗigo uku a tafin hannu da kek ɗinta a ciki. Shekarata saba'in da shida, na binne miji, na taɓa korar ma'aikacin kotu daga ƙofata da tsintsiya. Amma in wuce yarinyar da ta ba ni shayi ba tare da na ce komai a kan zanenta ba, wannan uwata ba ta koya min ba. Na ce, "Kai, 'yar nan, ya yi kyau," na liƙa mata ɗaya. Ɗaya tak, na ce a raina, na ladabi. Sauran biyun na kai wa Alwyn.

Abin da na manta, mata ashirin da biyu suna bayana suna kallon hannuna. Tunda Beryl ta ba da ɗaya, to ɗaya ya halatta. Wadda yarinyar ta riƙe wa jaka ta ba da biyu. Mavis da aka tambayi ƙugunta ta juye duka ukun, ta dawo tana share hawaye wai ta tuna tata kakar, matar da na san ba sa ga maciji da ita har ta mutu. Sauran mutanen da suka zo, 'yan tsiraru, wasu suka bi lambu, masu mota suka bi filinsu.

Aka ƙirga a gabanmu. Lambu ya fi gidan wanki da ɗigo biyar. Da mutum uku kacal sun iya rashin kunya na minti ɗaya, da an gama. Royston ya tafa, ya ce yau al'umma ta yi magana. Mu ma muka tafa. Na ga hannuwana suna tafi kamar na wata.

A waje na tari Alwyn yana ɗaure ƙafar wandonsa zai hau keke. Na ce masa ya zage ni. Na ce ni na fara, ni na karya alkawari, ya faɗi duk abin da ke bakinsa ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ya daɗe yana gyara ƙararrawar da ba abin da ya same ta.

Ya ce, "Ni ma na ba ta ɗaya."

Na ce, "Ka ba wa?"

"Tana tsaye a wurin, Beryl. Ta sha wahala a kan zanen."

Ban san lokacin da na kwaɗa masa jakata a kafaɗa ba. Mutumin da za a rushe wa shekara goma sha takwas, ya ɗauki ɗigonsa da hannunsa ya liƙa wa katafila, don kada ran wata ya ɓaci. Kuma ba ni da bakin magana, tunda tare muka yi.

Na je wurin Royston washegari na ce a sake, ranar Asabar, yara su zo. Ya ce yana jin zafin abin har zuciyarsa, amma an riga an aika sakamako sama, kuma kuɗin in ba a taɓa su kafin ƙarshen Maris ba komawa za su yi. Na ce, "Royston, na taɓa wanke maka wando, kada ka yi min maganar rediyo." Ya ce zai duba. Har yau yana dubawa.

Katafila ta zo a watan Fabrairu, kwana ɗaya ta gama. Kafin nan Alwyn ya kwance allon sifanunsa, ya raba wa yara kekunan da suka rage, har waɗanda ba a gama ba. Bayan an rushe ginin ya kai makulli ofis, aka yi ta tura shi daga tebur zuwa tebur don ba wanda ya san sashen da ke karɓar makullin ginin da babu shi. Ya dawo da shi gida.

Lambun yana nan. Benci shida, da allo mai cewa an hana ƙwallo da hawan keke. Furannin kakar Imogen ba su kai kaka ba, ita ma an mayar da ita wata unguwa ta je ta farfaɗo da su. Yaran da ba su da wurin zuwa suka koma zama a kan bencin, ƙafa a kan mazauni, kuma Mavis ce ta fara buga waya hukuma tana ƙorafi. Sai aka kawo mana hidimar matasa: wata mota mai fenti tana zuwa ranar Alhamis na awa biyu, da ma'aikata biyu da fom mai shafi huɗu, ana tambayar yaro ko yana da matsala a gida. Ma'aikatan ba su da laifi, sanyi kawai suke sha su kaɗai.

Ranar buɗe lambu an gayyaci Alwyn, an ba shi takardar yabo a cikin gilashi, wai gwarzon unguwa. Ya sa kwat ɗin da ya binne Glenys da shi, ya karɓa, ya ce ya gode. Ni ina can baya ina kallo.

Da muka dawo na buɗe rumfar mijina ta bayan gida, na fitar da tarkacen kamun kifinsa da na yi shekara tara ina cewa zan zubar. Na ce wa Alwyn ya kawo allonsa, kuma in ya ce min "in ba damuwa" zan fasa masa gilashin yabon a ka. Allon bai shiga ba sai da ya yanke kashi ɗaya cikin uku. Rumfar tana ɗaukar yara uku, huɗu in ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Sauran goma sha shidan ban san inda suke yini ba, ko in ce na sani, ina hango su ta taga.

Suna tattake min albasa, suna shanye min madara, ɗaya ya ce min Kaka na ce kakarsa tana gidan bingo. Bencin kuwa na rantse ba zan taɓa zama a kai ba. Sau biyu kawai na karya, duka biyun gwiwa ce, kuma ban ji daɗinsa ba.