Malam Isyaku Babura, Wanda Aka Kira Mijin Tela

"Inna, ki fita ki faɗa musu."

"Ba zan faɗa ba."

"Kina jin abin da Baffa Inuwa ke cewa a zaure? Wai Allah ya ji ƙan Isyaku, amma dai Ladidi ta huta da ciyar da ƙato. A gaban mutane! Kwanansa uku a ƙasa."

"Na ji. Ni ba kurma ba ce."

"To ki ce musu shi ne yake ɗinkin. Ki ce ke ko zare ba ki iya sa wa keke ba."

"Rufe min baki, Zulai. In ce da Alhaji Sagir shekara ashirin namiji ne ke yanka rigar matansa? In ce da duk mazan layin nan haka? Ke gobe Hotoro za ki koma gidan mijinki. Ni a nan zan zauna."

Wannan gardama ta auku ne ranar sadakar uku ta marigayi Malam Isyaku, tsakanin matarsa Ladidi da babbar 'yarsa Zulaihat. Babu wadda ta janye. Saboda haka aka rubuta wannan tarihi, ba da yardar Ladidi ba, domin jikokinsa su san ko wane ne kakansu.

Haihuwa da asali

An haifi Malam Isyaku Mamman a shekarar 1962 a garin Babura, wanda a yau yake cikin jihar Jigawa. Mahaifinsa Malam Mamman manomi ne, mahaifiyarsa Uwani tana sana'ar ƙuli-ƙuli. Su biyu suka rayu a ɗakinsu, shi da wansa Inuwa.

Karatu da koyon sana'a

Ya yi karatun allo a ƙofar gida, ya kuma shiga firamare a 1970, inda ya tsaya a aji biyar sakamakon rasuwar mahaifinsa. Daga 1976 zuwa 1980 ya zauna a rumfar wani tela mai suna Zakariyya a kasuwar garin, ya koyi awo da yanka da ɗinki har ya fi maigidansa gyaran wuyan riga. Wansa Inuwa yana Kano a wannan tsakanin, bai taɓa ganinsa a kan keke ba. Ko da ya gani ma, ba mutum ne mai riƙe abin da bai shafi aljihunsa ba.

Zuwa Kano da aikin masaƙa

A shekarar 1982 ya biyo wansa zuwa Kano, ya sami aiki a wata masaƙa a Sharaɗa, a sashen da ake duba atamfa kafin a naɗe ta. Aikinsa shi ne ya tsaya gaban yadi yana wucewa, ya tsayar da inji idan ya ga inda zare ya tsinke ko launi ya zame. Shekara ashirin da biyu ya yi yana wannan aiki, ba a taɓa rubuta masa takardar gargaɗi ba. Da albashinsa ya sayi ƙaramin fili a bayan kamfanoni, ya gina ɗaki biyu da zaure.

Aure da 'ya'ya

Ya auri Ladidi, 'yar wani manomi ɗan asalin Challawa, a 1990. Bayan haihuwar fari ya saya mata keken ɗinki na ƙafa, da fatan za ta koya. Ba ta koya ba. Shekara goma sha biyu keken yana kusurwar ɗaki an jera masa kwanuka. Allah ya ba su Zulaihat a 1992, Mubarak a 1995, Atika a 1999, Abdulbaƙi a 2003, sai auta Halimatu Sa'adiya a 2007.

Rufe masaƙa

A watan Yunin 2004 ma'aikata suka je aikin safe suka tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda a manne. Ba a yi musu jawabi ba. Malam Isyaku yana da shekara arba'in da biyu. Ya yi wata huɗu yana zuwa ƙofofin kamfanonin Bompai da Challawa da ƙafa, yana tsayawa a layi tare da samarin da ya kusa haifa, ana nuna masu ƙarfi da yatsa ana barinsa. A ƙarshe ya daina zuwa.

Sallar da ta kawo ɗinki

Azumin wannan shekara ya zo babu halin kai kaya wurin tela. Ranar ashirin ga wata ya sauke kwanuka daga kan keke, ya zuba masa mai, ya ɗauko guntayen atamfa da ake ba ma'aikata a masaƙa, waɗanda ya daɗe yana tarawa a buhu. Ya ɗinka wa Zulaihat da Atika riga da zani iri ɗaya, ya haɗa guntu da guntu yadda ganyen zanen ya haɗu da ɗan'uwansa, sai an juya ciki ake ganin mahaɗa.

Ranar Sallah yaran suka shiga gidan Alhaji Sagir, mai sayar da kayan gini da ke maƙwabtaka. Uwargidansa Hajiya Saudat ta jawo Atika, ta juya wuyan rigar, ta tako har gidan Malam Isyaku da kanta.

"Ladidi, wane tela ne wannan?"

"A gida aka ɗinka."

"Ke? Ashe muguwa ce ke! Kina zaune da hannu haka, mu muna fama? Alhaji ya hana mu tela namiji, ya ce babu ƙaton da zai san faɗin matarsa. Dubi abin da nake sawa, kamar buhun gero."

Ladidi ta yi dariya, ba ta gyara ba. A lokacin shinkafar Sallar gidan ma daga gidan Alhaji Sagir ta fito. Bayan kwana biyu turmi uku suka iso. Kafin Babbar Sallah gida tara na kawo ɗinki, kuma dukansu dalilinsu ɗaya: tela mace ce, babu namijin da zai ga awon iyalinsu.

Tsarin aikinsa

Idan mata suka yi sallama, Malam Isyaku yakan ɗauki rediyonsa ya fita ya zauna a dakalin ƙofar gida. Ladidi ta yi awo, ta rubuta lambobi a takarda, ta soke a jikin yadin. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kada a rubuta suna, kada a gaya masa ko na wace ce. A bakinsa babu rigar wance, sai dai "mai ganye" ko "shuɗin leshin nan". Idan suka tafi ya dawo, a rufe ƙofa, ya hau keke. Muddin keke na ƙara, Ladidi ba ta isa ta leƙa waje ba, sai ta zauna kusa da shi tana ƙulla maɓalli tana guga da dutsen gawayi. Sau biyu ta gwada hawa keken, a na biyu ta yaga leshin wata amarya, ta rantse ba za ta ƙara ba. Yaran gida kuwa tun kafin su iya Fatiha suka iya amsar: "Inna na ɗinki, Baba na barci."

A goman ƙarshe na kowane azumi yakan ɗinka kaya saba'in zuwa tamanin da bakinsa a bushe. Ragowar ƙyallaye ba ya taɓawa sai Ladidi ta nemi izinin masu su. Da su yake ɗinka ƙananan jakunkuna masu igiya na tara barka da Sallah, da hulunan jarirai, da 'yar tsana, ya jera a faranti. Da hantsin Sallah yaran layi su yi dafifi, su wuce shi a dakali, wani ma ya taka masa ƙafa, su fito suna ihu, "Inna Ladidi ta ba ni!" Idan za shi Idi kuwa kansa a ƙasa yake tafiya har ya dawo, domin duk aikin hannunsa na yawo a titi, shi kuma ba ya son ya gane wace ce mai ganye.

A 2009 ya yi niyyar kama shago a bakin titi ya fito fili. Ladidi ta ce mata sun san hannun tela kamar yadda suka san kukan 'ya'yansu, da sun ga wuyan riga ɗaya a shagonsa magana ta ƙare. Bai sake tayar da zancen ba.

Sunan da aka sa masa

Mutanen unguwa ba su ga komai ba sai mutum a dakali da rediyo, ga 'ya'yansa suna zuwa makaranta, ga hayaƙi na tashi a gidansa. Majalisar bakin masallaci ta sa masa suna Mijin Tela. Masu sa sunan, matansu da 'ya'yansu cikin ɗinkinsa suke zuwa Idi. Alhaji Sagir da kansa yakan tsayar da mota ya sauke gilashi ya ce, "Mijin Tela, ana hutawa? Allah ya ba mu irin sa'arka!" Malam Isyaku yakan ɗaga hannu ya ce, "Amin, Alhaji."

A 2012 wani malamin makaranta ya nemi auren Zulaihat, har an sa ranar gaisuwa. Danginsa suka zo bincike, suka tambayi sana'ar uban yarinya. Wansa Inuwa ne ya ba su amsa, ya ce sana'arsa auren Ladidi. Aka yi dariya. Ba su dawo ba. Zulaihat ta yi wata guda ba ta yi wa uwarta magana ba, sai bayan shekara uku ta yi aure.

A 2019 ɗansa Abdulbaƙi, mai wannan rubutu, ya cire wa wani ɗan ajinsu haƙori saboda wannan suna. Malam Isyaku ya je makaranta ya ba da haƙuri. A hanyar dawowa magana ɗaya ya yi: "Ka cire haƙori. Sunan ya fita?" Bai fita ba.

Rashin lafiya da rasuwa

Daga 2021 ciwon baya ya kama shi, ƙafarsa ta dama ta riƙa kumbura, idonsa ya rage har sai auta ta sa masa zare a allura. Masu zuwa dubiya suna tambayarsa a gaban 'ya'yansa, wai wane aiki ya yi da baya zai yi ciwo. Bai rage karɓar ɗinki ba, domin Ladidi ba ta da dalilin da za ta ba mutane, ita da kowa ke gani garau.

Ranar Talata, 18 ga Ramadan 1446, daidai da 18 ga Maris 2025, bayan sallar azahar, ya kife a kan keke da hannun wata riga a ƙarƙashin allura. Kafin a kira maƙwabta su taimaka, sai da Ladidi ta sa 'ya'yanta maza suka ɗauke shi daga ɗakin ɗinki suka kwantar da shi a tabarma a zaure, aka ajiye masa rediyonsa a gefe. Minti nawa wannan ya ci, Allah ne masani. Ya cika a cikin Adaidaita kafin a isa asibiti. Yana da shekara sittin da uku.

Jana'iza

An yi masa sallah bayan la'asar a ƙofar gidansa, aka kai shi maƙabartar unguwa. Liman ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri, ba ya faɗa da kowa. Iyakar abin da aka samu na faɗa ke nan. Kayan gida goma sha huɗu da ya yanka bai ɗinka ba, Ladidi ta mayar wa masu su, ta ce tana takaba. Suka tausaya mata. Wasu suka ce yanzu ne za ta ci moriyar wahalarta.

Waɗanda ya bari

Ya rasu ya bar mata ɗaya, Ladidi, da 'ya'ya biyar: Zulaihat, tana aure a Hotoro, Mubarak, yana aiki a wani kamfanin roba a Bompai, Atika, tana aure a Ɗorayi, Abdulbaƙi, ya gama sakandare yana gida, da Halimatu Sa'adiya. Ya bar jikoki huɗu. Babu ɗayansu da ya iya yanka riga, domin babu yadda za a yi uba ya koyar da sana'ar da aka ce ba shi da ita.

Bayan fita takaba

Ladidi ta fita takaba a ƙarshen Muharram. Kwana shida bayan haka Hajiya Saudat ta shigo da yamma, turmi biyu a hannu na ɗinkin Mauludi, jikarta na biye da ita. Atika da auta suna tsakar gida, Abdulbaƙi na bakin zaure.

"To Hajiyar tela, hutu ya ƙare. Layin nan mun sha wuya. Dubi abin da wata ta yi min a Babbar Sallah, hannu ɗaya ya fi ɗaya."

"Hajiya, ki ɗan ƙara min kwana biyu. Jikin bai dawo ba."

"Waɗannan ba na sauri ba ne. Amma rigar yarinyar nan ta ɓarke a gefe, ɗan ja min layi ɗaya ina tsaye. Minti nawa ne?"

Ta riga ta tuɓe wa yarinyar riga, ta riga ta shige ɗaki ta yaye zanen da aka rufe keken da shi. Ladidi ta zauna. Ta sa rigar a ƙarƙashin allura, ta ɗora ƙafa ta taka. Keken ya juya baya, zare ya tsinke. Ta kama bakin zaren tana neman inda ake bi da shi, ta zura nan ta zare, ta zura can.

Fara'ar Hajiya Saudat ta ɗauke. Ta dubi hannun Ladidi, ta dubi kujerar, wadda ƙafar Ladidi da ƙyar take kaiwa ƙasa daga kanta. Ta juyo ta dubi 'ya'yan gidan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ja mayafinta ta rufe ƙirjinta.

"Ladidi," ta ce a hankali, "shekara ashirin, wa yake ɗinka min kayana?"