Gonar da Baffa Auta Ya Ba da Aro

A inda na yi karatu an koya mana cewa ƙara sabon layi a jadawali ba wani aiki ba ne: ka raba wannan adadi da wancan, sakamako ya cika layin daga sama har ƙasa. Da na dawo Hadeja ban zaci wannan zai hana wani sukuni ba, sai da na zauna da Ummussalma.

'Yar masunta ce daga Kirikasamma. Ta koyi kwamfuta a wani shago da ke bakin tasha, tana buga wa ɗalibai takardu, daga nan wata ƙungiya mai raba irin shinkafa ta ɗauke ta aiki. Jadawalin da take riƙewa yana da sunan manomi, girman gonarsa, da buhunan da ya samu bara. Aka umarce ta ta fitar da layi na huɗu: a raba buhuna da girman gona. Wanda lissafinsa ya yi ƙasa ba zai samu iri ba bana.

Ta nuna mini suna biyu. Baffa Auta, ƙanen mahaifinta, ƙafa ta hana shi noma bara, sai ya ara wa maƙwabcinsa Shu'ibu gonar, tunda ciyawar kacala ta cinye ta Shu'ibun. Haka ake yi a wajensu, ba shaida ba takarda. A jadawalin, Baffa yana da gona ba buhu ko ɗaya, lissafinsa ya ba da sifili. Shu'ibu yana da buhuna ba gona, kwamfutar ta ƙi rabawa gaba ɗaya. Duk biyun sun faɗi.

Muna zaune Baffan ya shigo yana ɗingishi.

"'Yar kwamfuta, an sa sunana ko sai na kawo kifi?"

"Kifinka duk ƙaya ne, Baffa," ta ce, ta juya fuskar na'urar.

"To ki gaya wa akwatin nan naki ƙafa ta warke. Bana ni da kaina zan shiga fadama."

Ta yi dariya har ya fita.

Ta roƙi shugabanta ya bari ta ƙara layin masu aro. Ya ce sabon layi daga bayanan da ke hannu kaɗai ake fitar da shi, kuma lokacin komawa ƙauyuka ya wuce. Tana iya mayar da buhunan Shu'ibu gaban sunan baffanta, ba wanda zai lura. Amma ba shi ya noma su ba, kuma ta san akwai masu aro da yawa da ba su da 'ya a ofis. Ta tura jadawalin yadda yake.

Bayan an gama rabon iri na tambaye ta ko ta yi wa Baffa bayanin dalili.

"Na yi masa," ta ce. "Ya ce ya gane. Ya ce daga yau ko gonar za ta kwana ba shuka, ba zai sake ara wa kowa ba."