Inna Sa'a da Kunun Yayen Godiya

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Nuwamba, 2025, da hantsi, ina tsakar gida ina wanke kayan ɗana Ishaku, wayar maigidana Dauda ta yi ƙara. Yayansa Manu ne daga Yashe. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce Inna ta cika. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. An kai ta asibiti a Kusada, an dawo da ita gida ana cewa da sauƙi, ashe sauƙin tafiya ne. Kafin mu samu mota daga Kankiya mu isa, har an gama yi mata sutura.

Inna, tun da na shigo gidanku bakina bai taɓa furta sunanki ba, kamar yadda ya kamaci suruka. Yau da na rubuta shi a saman takardar nan, sai da na ji nauyi. Ki gafarce ni, so nake jikokinki su san wadda ake magana.

Wanda bai san danginmu ba zai yi mamakin jin cewa ke Musulma ce, mu kuma Kirista. Gidan da kika fito haka yake tun kakanni: wasu masallaci, wasu coci, biki da zaman makoki kuma tabarma ɗaya. Yayanki Kabo bai samu haihuwa ba, kika ba shi riƙon Dauda tun yana ƙarami, a hannunsa ya tashi yana zuwa sujada. Ban taɓa jin kin yi da-na-sanin wannan kyauta ba.

Kusan kowane ƙarshen wata mukan zo gaishe ku, ke da maigidanki Baba Buba. Ba ki da yawan dariya, kuma ba ki iya ɓoye abin da bai yi miki ba. Ranar da kika ga na saka wa jaririyarmu Godiya famfas a cikin zafin bazara, kika kwance shi da hannunki, kika ce, "Ke ɗiyar nan, dafa ta za ki yi?" Raina ya ɓaci. Amma da za mu tafi, sai na tarar kin cusa mini kuka da daddawa da man shanu a jaka, ba ki ko faɗa ba. Baba kuwa amaryarsa yake kiran Godiya, kullum cikin ƙorafi wai ta ƙi yi masa tuwo.

Da Godiya ta isa yaye, kika aiko a kawo ta, don a wajenku kaka ce ke yaye jika, uwa kuma ba ta nuna fuskarta sai yaro ya manta nono. A cocinmu wasu mata suka tayar mini da hankali. Wata ta ce muddin na kai ta, rubutu za a ɗirka mata. Wata ta ce ba za a dawo mini da ita ba sai ta iya salla. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Dauda ya ce, "Uwata ce, na san ta." Muka kai ta ranar Litinin, na fita ta bayan gida ina jin ihunta har bakin hanya.

Washegari kika sa Manu ya kira mu. Kika ce duk yaran da kika yaye a gidan nan, sai da malam ya yi musu rubutun yaye aka zuba a kunu, to wannan fa? Dauda ya ce, "Inna, da dai an bari." Kika ce, "To, an bari." Iyakar maganar ke nan.

Sai yarinya ta ƙi abinci. Kunu, fura, madarar akuya, ƙosai, duk ta kawar da kai. Ruwa kawai take kurɓa ta koma kuka. Idanunta suka faɗa. Saudatu matar Manu ta ba ni labarin yadda maƙwabta suka riƙa shigowa suna cewa, "Haba Sa'a, wa zai sani? Ki ba ta rubutun nan kafin ta lalace a hannunki." Da yarinyar ta mutu a gidanki, da har abada ana nuna ki da baki, kuma kin san haka. Kika ce musu ubanta ya ce a bari, ke kuma kin amsa.

Ranar Lahadi kika yi sallar asuba, kika dama kunun gyaɗa, kika zuba a ɗan kwano mai murfi. Kika goya ta, kika lulluɓe da mayafi, kika kama hanya a ƙafa zuwa ƙauyen da ke gabanku, inda akwai wata 'yar coci ta jar ƙasa. Ba ki shiga ba. Kika zauna a gindin bishiyar dogon yaro da ke ƙofa, kika aika a kira miki matar Fasto. Ita ce ta maimaita mini abin da kika faɗa: "Jikata ce, taku ce. Ni na yi mata tawa addu'ar, ku yi mata irin taku."

Ana cikin haka matan zumunta suka buga tulu da kacau-kacau suka ɗauki waƙa. Godiya, wadda tun tana ciki nake rawa da ita a wannan kiɗa, ta ɗaga kai daga bayanki ta daina kuka. Kika sauke ta a cinya, kika buɗe kwano. Ta sha ludayi ɗaya, ta sha na biyu, ta riƙe ludayin da kanta. Matar Fasto ta ce ba ki yi murmushi ba, hannu kawai kika ɗaga kika ce alhamdu lillahi. Duk Lahadin da ta rage kafin mu zo ɗaukarta, haka kika riƙa yi, kina zaune a waje har a tashi. Muka karɓe ta ta yi kumatu, da 'yar akuyar yaye a bayan mota.

Yanzu Godiya ta shiga makaranta, ƙanenta Ishaku, wanda kike kira angonki, shi ya isa yaye. Zuwanmu na ƙarshe kika ce mu bari a gama girbi mu kawo shi. Bayan an dawo daga maƙabarta Saudatu ta ja ni ɗakinki. Ga gero an surfe a ƙwarya, ga gyaɗa ɓararriya, ga kwanon nan mai murfi an wanke an kife. A garke kuma akwai ɗan akuya da jan tsumma a wuya. A nan ne kuka ya ƙwace mini. Na ce wa zan kai wa yaron nan?

Baba Buba yana zaune a bakin ƙofa, ashe ya ji. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ki kawo shi. Saudatu ta ga yadda aka yi. Lahadi kuwa ni zan kai shi a keke, na san bishiyar."

Allah ya jiƙanki, Inna. Ya gafarta miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya riƙe ki da irin amanar da kika riƙe mana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Buba, da Kawu Kabo, da Yaya Manu da Saudatu, da maigidana, da dukan dangi na Yashe da Kusada da Kankiya, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.

Angonki kuma, in Allah ya yarda, bayan sadakar arba'in za mu kawo shi. A kwanonki zai sha kununsa.

Rifkatu Dauda, Kankiya