Ƙafar Attahir Mai Jan Guga

Attahir na Gangara, a ƙasar Damargu, tun yana saurayi raƙumi yake kora a bakin rijiya, igiya ta miƙe, guga ya fito, dabbobin mutane su sha. Taurin kai kam Allah ya ba shi, amma aikinsa ba mai kushewa. Ranar da itacen rijiya ya karye ya faɗo masa a ƙwauri, mai ɗori ya duba ya ce wannan ta fi ƙarfinsa. Aka kai shi Damagaram, likitoci suka haɗa ƙashin da ƙarfe.

Da ya dawo gida sai ƙafar ta ɗan kumbura. To shi a saninsa, kumburi ko na raƙumi ko na mutum, sakiya ce maganinsa. Bai shawarci kowa ba, ya sa wanzami ya gasa tsinke ya huda wurin. Ramin nan bai sake rufewa ba, kullum mugunya.

Ikilima, ɗiyar ƙanwarsa mai aikin jinya a Tanout, ta zo ta gani, hankalinta ya tashi.

"Kawu, ƙwayoyin cuta sun manne wa ƙarfen, allura ba ta isa gare su. Mu koma Damagaram, kada a rasa ƙafar."

"Ba wata dabara?"

"Na karanta a ƙasashen waje ana gwada wani shafi a jikin ƙarfen, in an haska shi sai ya kashe ƙwayoyin. Amma gwaji ne tukuna, kuma ƙarfenka ba shi da shi."

Kaico, da ta sani da ta yi shiru. Attahir ya ƙi tafiya. Kowace hantsi sai ya kwance bandeji ya miƙe ƙafa a rana, matarsa Sakinatu tana korar ƙuda tana share hawaye.

"Malam, ai ta ce naka ba shi da shafin."

"Na ji ta. Tsoro nake ji, Sakinatu. Me muke da shi a Damargu in ba rana ba?"

Sai da zazzaɓi ya kayar da shi aka ɗauke shi a mota. Likitoci suka ce an makara, suka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa.

Da ya farfaɗo ya daɗe yana kallon zanen da aka rufa masa. Sannan ya kira ƙanensa Umaru.

"Ka karɓo ta, ka naɗe ta a farin ƙyalle, ka binne ta kusa da Baba. Ka bar mini wuri a gefenta."