Akurkin Kofur

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen jikokina sai na yi ta lalube. Amma shekarar da maigidana ya gina wa kajina akurki, wannan kam da ita za a binne ni.

Zamanin Turawa ne, muna zaune a Hausari, nan Potiskum. Maigidan tsohon soja ne, bai daɗe da dawowa daga yaƙi ba. Kofur kowa yake ce masa, in ka kira shi Malam ba zai waiwayo ba. Waɗanda suka tafi tare sun ce alfadari ya yi ta ja har aka gama yaƙin, amma in ya zauna ƙofar gida yana labari sai ka rantse shi kaɗai ya kori abokan gaba. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Cutarsa ɗaya: in ya hango hular Bature sai ya ƙame ya sara, ko da lomar tuwo a hannunsa.

Ina da kaji da dama, dukansu jikokin wata kaza ne da Innata ta aiko mini daga Fika. Ina da tsohon ciki, kajin nan kuwa su na tanada don jego. Sai tunku ya gano gidan. Wata safiya na tarar da gashin babbar kazata a bayan rumbu, ga shirwa kuma ta sa 'yan tsaki gaba.

Na ce, "Maigida, a samo mini ƙaya a toshe ramin can na bayan rumbu."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ƙaya? A gidan soja? Ke dai zuba ido."

Na kuwa zuba, na ga abin da ban taɓa gani ba. Ya ɗauko magini daga Ngojin, aka haƙa rami kewaye da rabin tsakar gidana, har gwiwa. Aka farke garewanin kananzir aka binne su a tsaye, wai duk dabbar da ta yi tono ta ci karo da ƙarfe. Aka tayar da katangar laka har ƙirji, aka kafa azara, ya sayo tsohuwar ragar waya a gwanjon bariki aka rufe gefe da sama, ko tsuntsun beni ba zai ratsa ba. Shi kansa ɗakin kwanan kajin a kan ƙafafu aka ɗora shi, kowace ƙafa an sa mata wuyan gwangwani don kada maciji ko gafiya su hau. Ƙofa biyu, kowacce da sakata. Maigidan na tsaye da sanda a hammata yana ba da oda. Maginin ya gaji ya ce, "Kofur, kaji za a sa a ciki, ko kura?"

Ɗakina kuwa tun daminar bara yake yoyo.

Gaskiya ɗaya ce, ginin ya yi aiki. Muna ganin sawun tunku da safe ya zagaya ya koma da yunwarsa. Shirwa ta yi shawagi ta haƙura. Kajina suka yi ɓul-ɓul, har na fara jin kunyar dariyar da na yi masa. Da a nan aka tsaya, da yau ba ni da labari.

Amma Kofur ba ya iya abu a ɓoye. Duk wanda ya yi sallama sai an ce in shiga ɗaki za a shigo ganin akurki. Magana ta yi ta tafiya har ta kai kunnen wani Bature mai duba aikin gona da ke zaune a bariki. Ranar da zai zo, maigidan ya sa tsohon kakinsa tun hantsi, ya share kashin kaji da hannunsa, mutumin da bai taɓa ɗaga tsintsiya a gidan ba. Ina leƙe ta labule Baturen ya zagaya, ya ƙwanƙwasa waya, ya ce da Hausarsa ta hanci, "Da kyau, Kofur. Kaji mai tsabta." Shi ke nan abin da ya faɗa. Maigidan ya yi ta maimaita shi har sai da yaran unguwa suka haddace.

Ba a yi mako ba sai ga kukun Baturen da sallamarsa. Wai maigidansa ya yi baƙi, ya ce ba zai ci kajin kasuwa masu kiwo a juji ba, sai na gidan Kofur. Maigidana da kansa ya zare sakatun nan biyu, ya zaɓi wadda ta fi ƙiba. Kuku ya sa hannu a aljihu kamar zai biya, maigidana ya ce, "Haba, haba! Tsakanina da Bature?" Kuku bai sake kuskuren sa hannu a aljihu ba.

Daga nan hanya ta buɗe. Yau baƙi daga Kano, gobe ƙwai ake so na karin kumallo. Har yau ban san nawa suka isa teburin Baturen ba, don an ce matar kuku ta yi kumatu a shekarar. Da can in tunku ya zo, kajin na da hanyar gudu, wata ta hau rumbu, wata ta tsallaka maƙwabta. Yanzu kuwa an tara su wuri ɗaya, miƙa hannu kawai ake yi.

Na ce, "Maigida, ni fa me zan ci in na sauka?"

Ya ce, "Ke ba ki san girma ba. Gidaje nawa ne a garin nan Bature ya san sunan mai su?"

Na ce, "To, sai a dafa mini girman da yaji."

Ranar da na haihu, akurkin nan babu komai sai kasko da iska. Innata ta zo daga Fika wankan jego, ta leƙa ta raga ta ga wayam. Ta koma wajen maƙwabta ta samo mini ƙafar saniya.

Ana gobe suna, da la'asar, Inna ta shigo tana murmushi ta ce, "Surukina ya yi abin kai. Na ga ya shigo da kaji biyu daga kasuwa ya sa a akurki." Har na ji zuciyata ta yi sanyi, na ce ashe yana tunawa da ni. Inna ta ɗora ruwan figar kaji, ta hau daka yaji. Ruwan bai tafasa ba muka ji sallamar kuku. Muna ji aka zare sakata, kajin suka yi kuka, kukan ya bi zaure ya fita. Ashe sayo su ya yi don kada a ce gidan Kofur ya rasa kaza.

Inna ta sauke tukunyar, ta fita tsakar gida da taɓarya a hannu. Ita da ba ta haɗa ido da suruki, ranar ta haɗa. Ta ce, "Kofur, in ya dawo gobe ka ba shi jaririn, shi ma mai tsabta ne."

Ya shiga turakarsa, ko tuwo bai ci ba.

Kafin mu yi arba'in aka ɗauke Baturen zuwa wani gari. Maigidan ya sa kaki ya je bakin hanya ya ƙame, mota ta wuce, Baturen ko ɗago kai bai yi ba. Ya dawo ya ninke kakin ya sa a ƙasan adaka. Da yamma na gan shi a kan rufin ɗakina da kwando na laka, ba wanda ya sa shi.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa 'ya'yana mata in na ga mazansu na rawar jiki a gaban manya: ɓarawon da ya tsallako katanga kana iya yi masa kuwwa maƙwabta su taya ka. Wanda ya yabe ka kafin ya miƙa hannu, kai da kanka za ka raka shi ƙofa kana yi masa godiya.